Jiniyar Ranar Laraba

Sau biyu Baba ya ce kada in fita da Gwaggo Marlys, ɗaya a waya, ɗaya a garke yana wanke injin tatsa. Hujjarsa ita ce yayar tasa ta kai saba'in da ɗaya, idonta ya tafi tun bara, kuma mil ashirin a kan keke ba wasa ba ne. Na ce masa idon ne ya tafi, ƙafar tana nan. Wata biyu ke nan da na gama jami'a a birnin Madison, ban ga wanda zai koya mini abin da jikin mutum zai iya ɗauka ba. Na aro keke mai sirdi biyu, ni a gaba, ita a baya, muka fita da hantsi.

Shekara talatin da takwas Gwaggo ta yi tana ɗanɗanar cuku a masana'anta. Ita ke cewa wannan ya nuna, wannan a mayar da shi. Duk watan Yuni takan hau kekenta ta bi tsohon layin dogon nan da aka cire wa ƙarafa aka zuba tsakuwa, ta tsaya a shagunan cuku huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta saya, ta kushe, ta dawo. Tun da ta makance sai zaman kujera gaban rediyo. Wannan zaman ne na kasa jure gani.

A shago na biyu muka daɗe. Mai shagon, Delbert, tsohon abokin aikinta ne. Ya yanko mata wani cuku ya ce shekararsa huɗu. Ta shinshina, ta ɗora a harshe.

"Delbert, ka ji tsoron Allah. Wannan ko biyu bai cika ba."

"Ashe makauniyar ba ta mutu ba," in ji shi. Ya juyo wurina. "Farfesa, ke da kika karanto madara a littafi, me kika ce?"

Na ce masa littafin ma bai ce huɗu ba. Ya cika mana leda da ɗanyen cuku na safiyar, mai ƙara a haƙori, ya ce mu yi sauri don iskar yau ba ta yi masa ba. Zafi ne mai danƙo, riga tana manne wa baya. Na duba waya, ta ce hadari sai yamma.

Mun yi kamar mil biyu daga garin da shagon yake, mun shiga kwarin da waya ba ta da sabis, sai jiniya ta tashi a bayanmu. Na kalli agogo: sha biyu saura minti uku, kuma Laraba ce ta farkon wata. Duk wanda ya tashi a nan ya san a irin wannan ranar, da sha biyun rana, ake gwada jiniyar gargaɗin guguwa. Tun muna firamare muke jin ta muna ci gaba da cin abincinmu. Ban ko rage gudu ba.

Can sai Gwaggo ta taɓa bayana ta ce gwaji minti ɗaya ne, wannan kuwa ta ƙirga ya haura biyu. Ta ce mu juya. Na ce mata wataƙila sabon ma'aikaci ne ya manta hannunsa a kan makunni. Ta ce tsuntsaye sun yi tsit. Na ce zafi ne. Gaskiyar magana, na hango fuskar Baba idan muka dawo daga rabin hanya, na ƙara taka feda.

Mil biyu a gaba bishiyoyi suka buɗe, na hango ɓangaren yamma. Sama ta yi kore, irin koren ruwan da ya daɗe a kwatami, ƙasan girgijen kuma yana juyawa a hankali. Iska ta ɗauke gaba ɗaya. Ganyen masara ko motsi babu.

"Me kika gani?" ta tambaya.

Na ce hadari ne kawai.

"Brenna, kin daina numfashi. Ina jin bayanki."

Sai na faɗa mata. Mil huɗu ne zuwa garin da muka baro, biyar zuwa na gaba, babu gida ko ɗaya a kwarin. Ba ta ce ai ta faɗa mini ba. Tambayata ta yi gada nawa muka haye tun daga shagon Delbert. Ban sani ba. Ta ce uku, ta ji katakonsu a ƙarƙashin taya. Bayan ta huɗu, a hannun dama, akwai tsohon ɗakin ajiye cuku da aka haƙa cikin tudu, inda ta fara aiki tana 'yar sha shida. Rabonta da wurin shekara talatin. Ba ta san ko ya rufta ba.

Muka taka. Iska ta dawo ta gabanmu da sanyi, kamar an buɗe firji. Keken ya yi nauyi har na miƙe tsaye a kan feda, ina jin Gwaggo a baya tana nishi tana turawa da duk ƙarfin da ya rage mata. Sai ƙanƙara. Ta fara ƙanana, ta koma kamar ƙwan kaza, tana dukan hular kwanona har kunnena ya yi ɗum. Ɗaya ta same ni a bayan hannu, yatsuna biyu suka daina jin birki. Ban saki ba. Tsorona ɗaya, kada in wuce gadar ban sani ba, domin ruwa ya rufe mini ido, ni ma ba gani nake yi ba.

"Huɗu," in ji Gwaggo.

Da ƙyar na ji katakon. Ina jan birki wani reshe ya faɗo a gabanmu, tayar gaba ta shige shi, muka kife. Na tashi, ita ba ta tashi ba. Ƙafarta ta dama ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Ta ce in bar ta a lambatun gefen hanya in gudu in nemi ɗakin. Na durƙusa na jawo hannuwanta ta kafaɗuna, na goya ta.

Ban taɓa sanin tsohuwa siririya tana da nauyi haka ba. Babu hanya a hannun daman, sai ciyawa har ƙirji da shingen waya mai ƙaya. Na taka wayar ƙasa na sunkuya da ita a bayana, ta sama ta tsaga mini cinya. Tudun ya zama taɓo. Sau uku ina zamewa a gwiwa, kowane lokaci ƙafar tata ta bugi ƙasa, sai in ji ta cije rigata don kada ta yi ƙara. Tana ce mini a kunne in nemi bangon dutse, in nemi inda tudun ya lotsa.

Daga nan na fara jin ƙarar. Jirgin ƙasa bai bi ta kwarin nan ba tun kafin a haife ni, amma abin da na ji ke nan, jirgi mai nauyi yana tahowa, ƙasa tana rawa a tafin ƙafata. Ban waiwaya ba. Na san guguwar ce, idan na gan ta ba zan iya ci gaba ba.

Bangon yana nan, kurangar daji ta lulluɓe shi, da ƙofar katako da kwado mai tsatsa. Na sauke Gwaggo na ɗauki dutse. Na buga kwadon bai ji ba. Na sake bugawa, dutsen ya zame ya sauka a kan yatsun nan nawa biyu. Na yi ta bugawa ina zagin kwadon da wanda ya sa shi, har katakon da ke riƙe da shi ya tsage. Na ja Gwaggo ta hammata zuwa ciki.

Duhu ne ƙirin, da warin danshi. Ta ce in bi bangon hagu, taku ashirin, akwai lungu. Na ja ta ina ƙirgawa. A na sha takwas goshina ya bugi dutse. Na kwantar da ita a lungun na kwanta a kanta, na rufe kanta da hannuwana.

Kunnuwana suka toshe. Ƙofar ta buga sau biyu, a na uku ta tafi, na ji iskar ɗakin tana bin ta, tana jan rigata da ƙafafuna zuwa waje. Na cusa yatsu cikin tsagar bango, har da waɗanda suka karye. Ƙasa tana zubo mana daga rufi. Ina tunanin rufin nan da ya shekara ɗari, ina tunanin ko Baba zai san inda zai haƙa. A ƙarƙashina Gwaggo tana addu'a da Jamusancin kakanninmu, wanda ni ban iya ba, kuma ina jin bugun zuciyarta a ƙirjina. Shi na riƙa saurare. Duk lokacin da ƙarar ta rufe shi sai in ƙara danna ta har in sake jin sa.

An ce mini daga baya abin bai kai minti biyu ba. Ban yi musu ba, ban kuma yarda ba.

Da muka fito, bishiyoyin gefen layin dogon duk an yanke su a tsayi ɗaya. Ban ga keken ba. Wata saniya tana tsaye a tsakiyar masara da kwanon rufi a gefenta, ba ta ko kuka. Gwaggo ta ce tana jin warin ɗanyen itace ko'ina, ta tambaye ni ko da sauran abin da ke tsaye. Na ce tudun. Na sake goya ta, na bi gefen gona zuwa titi, mil ɗaya da rabi, ina hutawa a kowane turken shinge na goma. Ta yi sanyi, maganarta ta ragu, don haka na yi ta tsokanarta kan cukun Delbert don ta amsa mini.

Baba ne ya same mu a bakin titi, a motarsa a-kori-kura, gilashin gaba ya tsage. Ya ɗauki yayarsa kamar jaririya ya kwantar a kujerar gaba, ya lulluɓe ta da rigarsa. Sai da ya tabbatar tana magana sannan ya juyo.

"Ba ku ji jiniya ba?"

Gwaggo ta buɗe baki ta fara cewa a kwarin nan sauti ba ya kaiwa.

"Mun ji," na ce. "Ta ce mu juya. Ni na ƙi."

Ya daɗe yana kallona, daga goshi zuwa cinya zuwa hannun. Ya ciro hankicinsa ya miƙo mini, ya ce in hau baya, asibiti za mu.

Na hau na zauna a kan buhun dusa. Motar tana tashi jikina ya fara rawa, haƙorana suna haɗuwa. Ta gilashin baya ina hango furfurar Gwaggo tana motsi, tana yi wa Baba bayanin wani abu da hannu. Na ga idonsa a madubi yana nemana, sai na gyara zama na danne hannuwana tsakanin gwiwoyi har muka isa.