Zane Uku a Ƙarƙashin Shekara

Sai da ciwo ya kwantar da Inna a Maradi sannan ta buɗe mini zancen ubanta. Shekara shida ina aikin rusau a Riyad ba ta ce uffan ba, sai yanzu da numfashi ke yi mata gardama ta aiko da saƙon murya.

"Hamissou, babana magini ne. Ya tafi hajji a ƙafa ina goye, bai dawo ba. An ce a unguwar Manfuha ta Riyad ya zauna. Duk gidan da ya gina yakan sassaƙa shekarar a dutse bisa ƙofa, ya ja zane uku a ƙasa, irin na kumatunsa. Ka nemo gidan, ka tambayi maƙwabta inda aka binne shi. Ina son in sani kafin in bi shi."

Juma'a huɗu ina bin lungunan Manfuha kai a sama kamar mai haɓo, har wuyana ya ƙage. Babu. Tsoro ya kama ni sosai, don kullum muryar Inna ƙara shaƙewa take.

Da abin ya ishe ni na nufi unguwar Utaiƙa, wurin wani Balarabe, tsohon malamin makaranta, mai tara irin waɗannan duwatsu. Mu 'yan rusau mukan kai masa in mun ciro. Kowane dutse yakan manna masa takarda: unguwa kaza, gidan wane, zuriyarsu suna wuri kaza.

A layi na biyu na ga dutsen. 1379 ta Hijira, da zane uku a ƙasa. Na durƙusa na shafa. Takardarsa fara fat.

"Ustaz, wannan daga wane gida?"

Ya kalle ni ta saman tabarau.

"Ai kai ka kawo shi, shekara biyu ke nan. Sau uku ina tambayarka wane gida. Ka ce ma adri, ba ka sani ba, motar kafil, ubangidanku, na jiranka."

A waccan shekarar mun rusa gida ya fi sittin. Na matsa ƙwaƙwalwata har kaina ya sara, ko launin ƙofar ban tuna ba. Wuraren ma duk an shafe su da kwalta, mutanen sun watse.

Ina nan durƙushe waya ta yi ƙara. Ƙanwata Rahina ce.

"Yaya, ga Inna, yi magana da ƙarfi, ba ta ji sosai."

Sai muryar ta zo, siririya.

"Ka samu gidan?"

"Na samu aikin hannunsa, Inna."

"Alhamdu lillahi. To maƙwabtan, me suka ce?"