Sa Hannun Malama Tsingaro

"Ɗauke min takardar nan daga kan cinya," in ji Malama, "kafin in yi mata tari."

Ina tsaye riƙe da kofin maganinta. Mutumin da ke durƙushe a gaban gadon shi ne shugaban sashensu a jami'a, kuma tsohon ɗalibinta. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, don haka tun da ciwon huhu ya kwantar da ita nake rufe keken ɗinkina da hantsi in shigo in gyara mata shimfiɗa.

A layinmu Malama Tsingaro ake ce mata. Shekara talatin ta yi tana koyar da tonon kayan tarihi, tana dawowa daga daji da fasassun tukwane cike da kwali. Mukan tsokane ta cewa ta yi digiri uku a kan abin da muke sharewa. Ita kuma ta ce ai shara ce kaɗai ba ta iya ƙarya ba.

Wani kamfani ne ke son fasa dutse a tudun da ta gano tsoffin murahun narka ƙarfe. Ba za a ba su izini ba sai masani ya shaida babu abin tarihi a wurin, kuma sunanta ne mai nauyi. Shugaban sashen ya yi ta lallashi: magana daga sama ta zo, in ta ƙi ma wani zai sa hannu, ga alkawarin raɗa wa ɗakin karatu sunanta.

"Murhu goma sha ɗaya," ta ce. "Bakwai kai ka tone su, kana ta raki kunama ta harbe ka. Yau ka zo in ce ban gan su ba? Wani ya sa hannun. Ni kam a kai kasuwa."

Ya naɗe takardarsa ya fita, ko sallama bai iya yi ba.

Tana jin ƙarar motarsa ta ce in ɗauko biro. Na ce rabona da rubutu tun firamare, sai awon riga. Ta ce awo ɗin take so. Kwana uku tana faɗa ina rubutawa: zurfin kowane rami, faɗin kowane murhu, shekarun gawayin da ta samu a ciki. In numfashi ya yanke mata sai ta ɗaga hannu in jira. Da muka gama, biro ya ƙi zama a hannunta, sai ta sa na shafa mata tawada a babban yatsa ta dangwala. Ƙanwarta ta kai wa hukumar kayan tarihi takardar da kanta.

Ranar Alhamis da hantsi ta cika, ina gyara mata matashi. Ba ta ji labarin an dakatar da aikin kamfanin har sai an bincika ba.

Ni da ƙanwarta muka yi mata wanka. Gwiwoyinta duk sun yi kanta, ta shekarun durƙuso a rami. Babban yatsanta na dama kuwa shuɗi ne har yanzu. Sau uku na cuɗa bai fita ba, sai na ƙyale shi.