Rediyon Shagon Nemani

Iska ta juya tun da hantsi, kuma Ilaitia bai dawo daga kamun kifi ba. Mahaifinsa Sakiusa ya gaji da safa da marwa a bakin teku, sai ya nufi shagon Nemani, inda rediyon kiran jiragen ruwa na ƙauyen yake.

Ya tarar da maza a kan tabarma, ƙoƙon kava, jiƙon saiwa da suke sha a wurin hira, yana zagayawa. Rediyon kuwa tsit. Nemani ya murɗe maɓallin da ke toshe ƙarar shuuu har ƙarshe, wai tana hana su hira. In an murɗe shi haka, murya mai ƙarfi ce kawai ke shigowa. Ta nesa, mai rauni, tare da ƙarar ake yanke ta.

"Taubashi, buɗe mini shi kaɗan," in ji Sakiusa. "Ƙaramin rediyo ne a hannun yaron."

"Kaza uwar 'ya'ya ta iso!" in ji Nemani. "Ƙato da gemu kake nema? Yana can wajen 'yan matan tsibirin gaba. Zauna ka sha."

Aka kwashe da dariya. Nemani ɗan kawunsa ne, duk abin da ya faɗa wasa ne, wanda ya yi fushi shi ke da abin kunya. Sakiusa ya zauna, ya tafa hannu bisa al'ada, ya karɓi ƙoƙon ya shanye. Aka sake zagayowa.

Da ya kasa jurewa, ya tsallake ƙafafun mutane ya murɗa maɓallin da kansa. Shuuu ta cika shagon. Can ƙasa, muryar Ilaitia a tsinke:

"Baba... inji ya mutu... ruwa yana ja na wajen..."

Sai murya mai kauri ta danne ta ɗungum. Jirgin otal ne, mai babban rediyo, yana tambaya ko ƙanƙara ta iso. Ya tambaya, ya maimaita, har da gaisuwa. Da ya sauka daga layin, ba abin da ya rage sai shuuu. Sakiusa ya yi ta kira har muryarsa ta dushe.

"Tun safe ai nake jin wani ƙus-ƙus," in ji Nemani yana motsa kava. "Ya ɗaga murya mana, kamar uwarsa."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Jirgi ɗaya ne mai fetur a ƙauyen. A bakin teku mai shi ya tayar da inji, ya dubi Sakiusa.

"Kawu, gabas ko yamma? Man ba zai kai mu duka biyun ba."

Sakiusa ya dubi gabas, ya dubi yamma.