Tafkin Virgil Pruitt

Shekara arba'in ke nan da Virgil Pruitt ya haƙa tafki a bayan gonarsa a jihar Alabama ta Amurka, ya zuba wani irin kifi da ake kira bas, ya kafa doka guda: duk wanda aka kama, a mayar da shi ruwa. Tausayi yake kiran wannan.

Ɗansa Delbert, wanda ya dawo gida jinyarsa tun da ɓarin jikin tsohon ya shanye, ya ga abin da tausayin ya haifar. Kifin sun yi yawa, sun cinye ƙananan kifayen da su ne abincinsu. Duk wanda ka ciro, ƙaton kai ne da jiki kamar wuƙa. Malamin gona ya zo da sikelinsa ya auna su, ya ce magani ɗaya ne: a riƙa fitar da ɗari biyu duk shekara, in ba haka ba yunwa ta gama da tafkin.

Ran Asabar da safe Delbert ya turo tsohon a keken marasa lafiya har bakin ruwa. Da hannunsa mai lafiya Virgil ya jawo kifi, amma cire ƙugiya sai da hannu biyu.

"Cire masa, Farfesa," ya ce wa Delbert, da sunan da yake tsokanarsa da shi.

"Baba, dubi cikinsa. Wannan ai ƙashi ne da ido."

"Kai ma haka aka haife ka, ban soya ka ba."

"Mu soya ɗari biyu mu kai coci gobe, sauran su samu abin ci."

"Wato a kashe wasu don wasu su yi ƙiba. Mai sikelin nan ne ya koya maka?"

"Wanda muka saki ma mutuwa yake yi, a hankali ne kawai."

"Wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ba dai da hannuna ba."

"Ai hannuna ne a ƙugiyar, Baba."

Delbert ya sha tunanin yin abin a ɓoye, lokacin da tsohon ke barcin rana. Amma yaya za ka cuci mutumin da ba ya iya takowa ya duba abinsa? Ya tsaya riƙe da kifin, yana jin numfashinsa a yatsu.

"Saurin me kake yi, ɗan nan?" in ji Virgil, murya ƙasa-ƙasa. "Likita ya ce da wuya in ƙara shekara biyu. Ranar da kuka rufe ni, ka zo da bokitinka."

Kafin Delbert ya ankara, zuciyarsa ta tambaya: tafkin zai iya jiran shekara biyu kuwa? Da shekara ɗaya ce, da ta fi. Sai ya gane mutuwar ubansa da wuri ya yi fata.

Ya durƙusa ya saki kifin. Kifin bai ko gudu ba, ya tsaya nan a gefen ruwa yana buɗe baki.

"Sa mini wata tana," in ji tsohon.

Delbert ya sa masa.