Akwati Mai Launin Toka

"Kar ki danna tukuna," in ji Baba Mai Agogo. "Bari in gyara zama."

Wayarsa na hannuna. Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma wata biyu ke nan ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Matarsa ta rasu, bai haihu ba. Kullum da hantsi Inna kan aike ni da abinci, shi kuma ya miƙo min wayarsa, don idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu.

Wani shafi ne da mutane ke jera sunayen danginsu kamar rassan bishiya. Malamar asibiti ce ta buɗe masa. Ƙanwarsa yake nema, wadda ya baro tana shekara bakwai, ranar da ya yi faɗa da mahaifinsu ya fice. Ni a aji huɗu na tsaya, harafi-harafi nake haɗawa, amma na gane dokar shafin. Matattu kawai ake nuna sunansu. Mai rai, akwati ne mai launin toka, babu suna.

In na rubuta sunanta ya fito, ta mutu ke nan.

Na danna. Agogunan bangonsa na ta ƙas-ƙas, kowanne da lokacinsa.

"Babu," na ce.

"Alhamdu lillahi." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kin taɓa ganin mahaukaci irina? Ina nema ina addu'ar kar in samu. To, gwada sunan tsohonmu, ki haɗa da na kakana."

Wannan ya fito. A ƙarƙashinsa akwatuna biyar, huɗu da suna. Na karanta na farko, na biyu. A na uku na tsaya.

"Karanta mana, 'yar nan, ko an ɗinke bakin?"

"Baba, sunanka ne."

Har da shekarar rasuwa, daidai shekarar da ya bar gida.

"Shekara hamsin da biyu ina gyaran agogo, ashe a kabari nake," ya ce. "Na biyar fa?"

"Toka ne."

"Ita ce. Auta."

Akwai wurin aika saƙo ga wanda ya jera sunayen. Na ce rubutuna ba kyau, za su ɗauka 'yan damfara ne.

"Rubuta haka: wanda ya cire miki haƙori da zare yana gaishe ki." Ya lumshe ido. "Jan zare ne, daga gefen zanin Mamanmu na zare shi. Ta yi ihu, na sha duka."

Na aika. Daga ranar abu biyu nake tsoro kowace safiya: in buga ƙofarsa in ji shiru, ko in buɗe shafin in ga akwatin ya yi suna.

Rana ta shida babban agogonsa bai buga tara ba. Shi ke murɗa masa makulli da hannunsa kullum. Na tsaya a bakin ƙofa da kwano, na yi sallama sau uku. Ta gefen labule ina hango ƙafarsa. Na kasa shiga, na koma na kira Inna.

Bayan an kai shi makwancinsa, wayar ta zauna a wurina, don ba wanda ya nema. Bayan kwana biyu ta yi ƙara, amsar saƙon ta shigo.

"Kakata ta ce a tambaya, wane launi ne zaren? Ga ta nan kusa da ni, ta ƙi cin abinci."

Na shiga ɗakinsa na zauna a bakin gado. Na rubuta, "Ja ne." Ɗan layin da ke nuna wurin rubutu ya tsaya yana ƙifta ido, yana jiran sauran maganar. A bango, ƙaramin agogo ɗaya ne bai tsaya ba tukuna.