Ƙafarta ta Hagu

Likitar magana ta ce in koma bayan matata in zauna, in kuma kama bakina. Ni da na zauna da matar nan tun kafin a haifi likitar. Na koma dai, amma raina bai so ba.

Tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ƙaurace wa uwar yarana. Tana ji, tana ganewa, amma in ta buɗe baki sai iska. Ni na zama bakinta. Ko gira ta ɗaga na riga na fassara, har alfahari nake yi da haka.

"Baba, so nake in ga yadda Mama ke isar da buƙatarta ta yau da kullum, ko da hannu ko da ido," in ji likitar. "In ka amsa mata, kai na auna, ba ita ba."

Ta tambayi matata abin da za ta yi in tana jin ƙishirwa. Ta nuna kofi. In waya ta yi ƙara fa? Ta kai hannu kunne. Ina ne ke mata ciwo? Ta dafa kafaɗa. Ni kuwa tun tuni gwiwa nake shafa wa magani. Na haɗiye wannan.

"To Mama, nuna min abin da kike so ki yi in gari ya waye."

Sai ƙafarta ta hagu ta fara motsi a kan siminti.

"Rabu da ita, 'yata," na ce. "Karkarwar ciwon ce. Kullum ni nake danne mata gwiwa har ta daina."

Likitar ta durƙusa tana kallon ƙafar. Dunduniya ta sauka, yatsu su sauka, a hankali, babu kuskure. Hannun hagun kuma yana tura wani abu da ba a gani a kan tebur.

"Baba, ciwon a dama yake. Wannan ƙafar lafiyarta ƙalau. Mece ce sana'ar Mama?"

Tela ce. Da keken ɗinkinta muka raini yara. Bayan ciwon, duk lokacin da ta kalli keken sai hawaye, ni kuma sarkin sani na ce tuna mata baya yake yi. Na rufe shi da zane, kukan ya ƙaru. Da safen nan, muna fitowa asibiti, na bar wa 'yar ƙanwarta mabuɗi na ce ta ɗauke shi kyauta, ta tafi da shi can garin da take aure.

"Ɗinki kike so, Mama?"

Ta gyaɗa kai da ƙarfi. Ta waiwayo ta yi min murmushin da rabona da shi tun kafin ciwon.

"Ana iya farawa da ƙafa ɗaya da hannu ɗaya," in ji likitar. "Yau ɗin nan ku zaunar da ita a gaban keken."

Duk hanya ƙafar tana takawa a cikin mota, ni kuma na kau da kai ina kallon titi.

Da na turo kujerarta cikin ɗaki, ta kalli ƙasan taga. Babu komai sai shatin ƙafafun keken a kan leda da guntun zare ja. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta kalle ni ba. Ƙafar ta tsaya cak, ba tare da na danne ta ba.