Akwatin Kiɗa a But ɗin Malam Mudi

Hansai ta yi suna da kiɗan ƙwarya a ƙauyukan da ke kewayen Kafur. Biki ko suna, in dai mata sun taru, ita ake zuwa ɗauka. Muryarta ba wata mai zaƙi ba ce, amma hannunta ba ya kuskure, sauran makaɗa ita suke bi. Sai wata shekara sanƙarau ya kwantar da ita. Allah ya tashi kafaɗunta, amma jinta ya tafi. Tana magana kamar da, kuma in mutum ya fuskance ta ya yi a hankali tana karanta bakinsa, sai dai ko tsawa aka yi ba ta sani ba. Tun daga nan ta kife ƙoranta a kan rumbu, ta daina zuwa taro. In an matsa mata, sai ta ce zama cikin mata suna tafi ita tana kallon hannuwansu ya fi ciwon zafi.

Mijinta Malam Mudi manomin masara da auduga ne, mutum marar son hayaniya. Yana da wata tsohuwar mota, da ita yake kai taki gona, da ita yake kai amfani kasuwar Funtuwa. Bayan kaka aka sa ranar auren 'yarsu Maijidda, sai ya ɗauki Hansai suka tafi Funtuwa sayen kayan ɗaki. A hanya fitilar motar ta ƙi kamawa, ya ce bari su biya ta wajen Murtala, ƙanin Hansai, wanda ke aikin wayarin mota a bayan tasha.

Sun tarar da Murtala yana gwada wata mota da ya gama sa wa kayan kiɗa. But ɗin motar a buɗe, wani akwati baƙi a ciki, ƙara kuwa har gilasan shagon maƙwabta suna rawa. Malam Mudi ya toshe kunne.

"Kai dai ba ka da aiki sai tara wa mutane ciwon kai," in ji shi. "Kashe abin nan ka duba mini fitila."

Murtala ya yi dariya, don akwai wasa tsakaninsu. "Yaya Mudi, tsufa ne ya kama ka. Masu jini a jika har layi suke yi."

Ya miƙa hannu zai kashe, sai Hansai ta riƙe masa riga. Tun isowarsu ta jingina da motar mai kiɗan saboda inuwa, yanzu kuma ta kifa tafin hannunta a jikin ƙarfen, idonta a rufe.

"Bar shi," ta ce. "Murtala, kiɗa ne wannan ko? Ina jin sa. Ba a kunne ba, a nan." Ta dafa ƙirjinta. "Har tafin ƙafata."

Malam Mudi ya sauke hannu daga kunnensa. Ya ga yatsun matarsa suna bugun ƙarfen motar, suna tafiya daidai da kiɗan, ba gaba ba baya. Aka gyara fitila, suka yi sayayyarsu, suka koma gida. A hanya Malam Mudi ya lura Hansai tana ta kallon hannunta.

Da ranar kasuwa ta zagayo ya dawo shi kaɗai. Ya sauke buhunan masara wajen dillali, ya wuce garejin Murtala, ya buɗe but ya tsaya.

"Irin na ran nan nake so," ya ce.

Murtala ya dube shi, ya dubi but ɗin da ke cike da ɓawon masara da igiyoyi. Ya buɗe baki zai yi tsokana, sai ya ga fuskar mijin yayar tasa, ya fasa.

"Don Yaya Hansai?"

"Don ita. Ina so ranar bikin Maijidda ta zauna cikin mata."

"To ka san in akwatin ya shiga, but ya tafi ke nan. Ba taki, ba masara."

"Masara ta hau kujerar baya. Ba ta taɓa ƙorafi ba."

Suka share but ɗin tas, Murtala ya auna tsawo da faɗi da zurfi, ya zana a jikin katako da alli. Suka kai wa wani kafinta, Shitu, ya yanka musu, ya huda manyan ramuka biyu inda sifiku, masu fitar da sauti, za su zauna. Malam Mudi bai tafi ko'ina ba. Ya tuɓe babbar riga ya rataye, shi ke riƙe katako ana ɗaure kusoshi. Da ya ga Murtala yana bin kowace kusurwa da gam yana shafewa da yatsa, ya tambaye shi dalili.

"Iska ce ke aikin," in ji Murtala. "In ta sami kafar fita, sai ka ji abu yana huci kamar tayar da ta yi faci. In an kulle ta a ciki, ita ke ba da wannan dum ɗin da Yaya ta ji."

Suka lulluɓe akwatin da kafet baƙi, suka ɗora sifikun. Murtala ya ɗaure amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, a bayan kujera. Ya jawo jar waya mai kauri tun daga batir, ya bi da ita ƙarƙashin shimfiɗar mota har but, ya sa fis kusa da batir ɗin saboda gudun gobara. Ya kankare fenti a wani lungu har ƙarfe ya fito fari, ya ɗaure baƙar waya a nan.

Gwajin farko bai yi daɗi ba. Murfin but ya kama kaɗawa, lambar mota tana zuza kamar an saki ƙudan zuma, can sai fis ya ƙone, komai ya yi tsit. Murtala ya share gumi ya ce batir ɗin ya tsufa, kuma akwai inda waya ta gogi ƙarfe. Washegari suka sake bin wayar, suka naɗe inda ta goge, suka ƙara batir na biyu a gefen akwatin, suka cusa soso a bayan lamba da cikin murfin. Wannan karon sautin ya fito sumul, mai nauyi.

Malam Mudi ya dafa motar kamar yadda ya ga matarsa ta yi, ya daɗe a haka. Sannan ya girgiza kai.

"Akwai saura. Mata a cikin gida za su zauna, mota kuwa ba ta shiga zaure. Ba zan ce ta fito waje ta rungumi mota ranar bikin 'yarta ba. Kuma mai kiɗa da hannu biyu take yi."

Murtala ya zauna a kan tsohuwar taya yana tunani. Malam Mudi ya ci gaba.

"Ka san injin casar masara? In yana aiki, ko ka juya masa baya, katakon da aka ɗora shi a kai yana gaya wa ƙafarka. Ba za a iya kai abin nan inda take zaune ba?"

"Kujera," in ji Murtala a hankali. "Yaya Mudi, ashe kan nan naka ba auduga ce kaɗai a ciki ba."

Suka koma wajen Shitu, ya ƙera musu kujera 'yar tsugunne irin ta mata, amma mai faɗi, ƙasanta a rufe kamar akwati. Murtala ya ɗaure wata sifika a cikinta tana kallon sama, ya haɗa ta da doguwar waya zuwa but. Ya kuma kawo makirfo mai tasa wayar. Malam Mudi ya zauna a kujerar, Murtala ya ƙwanƙwasa makirfon da yatsa, sai ga dattijo ya zabura ya miƙe. Masu gareji suka yi ta dariya, shi ma ya taya su.

Da ya kai kayan gida, Hansai ba ta yi murnar da ya zata ba. Ta dubi akwatin, ta dubi kujerar, ta ɗaure fuska.

"Malam, so kake in zama abin kallo? A ce ga kurma can an ɗaura mata waya?"

Ya tsaya inda za ta ga bakinsa sosai. "Ba wanda zai tilasta miki. Ga ta nan. In ba ki so, kujera ce, a riƙa tankaɗe a kanta."

Kujerar ta yi kwanaki a gindin bishiyar durumi da ke tsakar gida, ba wanda ya taɓa ta. Maijidda ce ta je ta kira Naja'atu, aminiyar uwarta, wadda suka yi shekaru suna kiɗa tare. Naja'atu ta zo da hantsi da ƙwaryarta a ka. Ba ta roƙi kowa ba. Ta sa Malam Mudi ya matso da mota jikin katanga ya tada ta, aka jefo wayoyi ta sama, ta kife ƙwarya, ta ajiye makirfo a gefe, ta fara bugawa. Hansai na bakin murhu tana kallonta. Da abin ya yi nisa, Naja'atu ta nuna mata kujerar da haɓa.

Hansai ta goge hannu a zane, ta zo ta zauna a ɗofane. Sai ta gyara zama. Can ta ce, "Kin yi sauri. Kullum sai kin yi sauri a wurin nan."

"To zo ki gyara," in ji Naja'atu.

Maijidda ta hau ta sauko da ƙwaryar uwarta daga kan rumbu, ta wanke ta. Ranar farko hannun Hansai ya yi ta sarƙewa, tana shiga kafin lokaci, tana tsayawa tana tsaki. Ba ta jin waƙar da Naja'atu ke rerawa, kuma ƙananan bugu ba sa isowa ta cikin katako, sai manya. Amma kullum da hantsi Naja'atu na zuwa, Malam Mudi na tada mota, har suka gano dabara: Naja'atu ta riƙe babban bugu, Hansai ta yi ado a kansa, in za a juya kiɗa su haɗa ido.

Ranar wuni Murtala ya zo tun da safe a kan babur. Ya duba wayoyi, ya rage ƙarar akwatin but don kada ta dami maƙwabta, ya ƙara ta kujera. Bayan la'asar gida ya cika da mata. Shi da Malam Mudi suka zauna a waje kan tabarma kusa da motar, ba sa ganin abin da ke faruwa ciki, sai abin da ya fito ta sifika da wanda ya tsallako katanga.

Da farko ƙwarya ɗaya ce ke tafiya. Sai ta biyu ta shigo, a hankali, kamar mai taka tsani. Hayaniyar mata ta lafa. Ta biyun ta ƙara ƙarfi, ta fara yanka kiɗan tana juya shi yadda babu mai yi a yankin sai mutum ɗaya. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, tafi ya kaure.

Murtala ya sunkuyar da kai yana wasa da wata guntuwar waya. "Tun ina yaro nake jin hannun nan," ya ce. "Na ɗauka ba zan ƙara ji ba."

Malam Mudi ya ciro hula ya riƙe a hannu. "Murtala, ban san da bakin da zan gode maka ba. Allah ya yi wa sana'arka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka kamar yadda ka yi mana."

"Amin. Amma kujerar ai dabararka ce."

"Ni dai katako na riƙe."

Gab da magariba aka tashi. Hansai ta leƙo zaure, fuskarta sharkaf da gumi, ta aika a kira mata su. Ta kama hannun ƙaninta da hannu biyu, ta daɗe ba ta saki ba.

"Ban ji waƙar ba," ta ce, "ban ji guɗar ba. Amma na ga Maijidda tana rawa, kuma na san da kiɗana take yi. Allah ya saka maka, Murtala." Ta juya ga mijinta. "Kai kuma, Malam, na gode. An ce har kujerar ta tsorata ka a gareji."

"Ƙarya yake yi mini," in ji Malam Mudi, yana hararar Murtala.

Jinta bai dawo ba, amma ta koma fita. Ba kowane taro take amsawa ba, sai na dangi da na aminai. In za ta je, Malam Mudi ne ke kai ta, ya jingina mota da katangar gidan biki, ya jefa wayoyi, ya shimfiɗa tabarmarsa a inuwa. Abokansa manoma suka sa masa suna direban makaɗa. In sun faɗa, sai ya ce su dai su yi addu'a Allah ya bar kowa da iyalinsa lafiya, ya ci gaba da jan carbinsa.